Malalaci Ya Haihu

"Lafiya lau na kwana, ba don halinka ba. Ka zo ɗaukar gawar ɗanka ne?"

Da haka Inna ta amsa gaisuwar jikanta, ɗan yayana, mai aiki a gidan renon tsirrai. Ina gefe ina shanya, na ce yau akwai kallo. Ɗan da take nufi wani ƙaramin itacen kurmi ne da ya kawo mata a tukunya shekarun baya, ya ajiye a inuwar katanga. Har yau tsayinsa bai wuce ƙugu ba, shi ya sa ta raɗa masa Malalaci. Ta ce yau za ta tuge shi ta dasa barkono a tukunyar, har wuƙa ta wasa.

Ban ga laifinta ba sosai. Tun da likita ya raba ta da sukari, abu kaɗan ke harzuƙa ta. Ba ta ƙorafi, amma ina ganin yadda take bin kofin shayinmu da ido, kuma abin yana ci mini rai.

"Haba amarya, wa ya taɓa mini ke da sassafe?" in ji shi.

"Amaryar wa? Mazan kirki suna kawo turare, nawa mijin ya kawo mini majinyaci. Ba ya shan ruwan rijiya sai na sama, ba ya son rana sai inuwa. Ko ubanka bai yi mini wannan shagwaɓar ba."

"Ai a ƙarƙashin manyan bishiyoyi danginsa suke. Kamar ke ne, in aka baza ki a rana sai ki ƙara yamushewa."

"Ja'iri, mai kai kamar tulu. Da yamushewar tawa ka gani ka nace."

Ya durƙusa yana duba ganyen da suka fara rawaya, ya tona ƙasar da yatsa, sai ya kama baki.

"Wa ya zuba masa toka?"

"Ni. Da ita barkonona yake ƙiba. Na ce ko zai yi zuciya."

"Garin neman gira za ki rasa ido, tsohuwa."

Ya yi mata bayani cewa wannan itacen, ƙasa mai tsami yake so, toka kuwa kashe tsamin take yi. Abincinsa ruɓaɓɓen ganye ne. Inna ta ce ita ba a makaranta take ba, ya matsa ta yi aikinta. Yana ɗaga wani reshe na ƙasa don ya kare shi, sai ga 'ya'ya biyu jajaye, dogaye kamar ƙwayar wake, sun ɓuya a bayan ganye. Ni kaina sai da na ajiye shanyar.

Inna ta ce, "Shekara da shekaru, wannan ce haihuwar? Ko tsuntsu ya raina."

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tsotsi ɗaya, ki juya shi a harshe, sannan ki sha lemun tsami. In kika yamutsa fuska, da hannuna zan tuge shi."

"In na mutu fa?"

"In auri yarinya."

Ta kai masa duka ta kuskure. Ya sa na yanko lemun tsami. Inna ta tsotsi ɗan itacen, ta ce ba shi da wani ɗanɗano, kamar hirar mai shi. Ta tofa ƙwallon a tafin hannu, ta runtse ido, ta ɗaure fuska tun kafin lemun ya isa baki, ta matsa.

Fuskar ta saki. Ta sake matsawa, ta miƙo mini hannu in ba ta ɗaya ɓarin.

"Ka zuba sukari a ɓoye," ta ce wa jikan nata.

"In kashe ki in gaji me? Tabarma da barkono?"

Sannan ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa: ɗan itacen yana sa duk mai tsami ya zama zaƙi a baki na ɗan lokaci, kuma saboda ita ya nemo shi. Bai faɗa ba ne don kada ya sa mata rai, abin ya ƙi haihuwa. Inna ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce lemun ne ya fantsar mata a ido. Ban ƙaryata ta ba, don ni ma nawa idon ya kawo ruwa.

Ta miƙa masa wuƙar.

"Kankare tokar a hankali, kada ka ji wa ɗana ciwo."

"Yanzu kuma ya zama ɗanki?"

"Wa ya sha wahalar renonsa? Ungo tukwici." Ta danƙa masa ƙwallon da ta tofa. "Ka shuka mini ƙaninsa yau, kafin ya bushe."

"Zai ɗauki shekaru fa kafin ya haihu, amarya."

"To wa ya ce maka sauri nake yi? Ina nan sai na ga furfurarka."