Tsohuwar Ramin Damo

A bayan garinmu, wajen Karofane, akwai wata tsamiya da damo ya yi rami a gindinta. Ba a nuna shi da yatsa. Tsofaffi sun ce ba damo ba ne, mai wurin ne, kuma wanda ya leƙa raminsa da rana tsaka zai ga abin da ba a faɗi.

Ni kuwa na gama yaƙi da jahilci da furfurata, kaina ya kumbura. Na ce wa matan bakin rijiya: "Ƙadangare ne ya ƙoshi. Yau zan kawo muku hotonsa." Na ari salular ɗiyata na tafi, suka biyo ni daga nesa.

Wurin tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ga sawun jelarsa a rairayi ya shige rami. Na durƙusa, na yi bisimilla a ɓoye, na kai salular bakin ramin, na latsa. Da na duba, sai ga fuskar wata tsohuwa, idanu jajur, haƙora waje, ta zuba mini ido.

Ban san inda kallabina ya faɗi ba.

Ɗiyata ce ta tsinto salular. Ta duba, dariya ta zaunar da ita ƙasa. "Inna, ai ke ta! Kin juya idon salular wajenki."

Har yau in na nufo rijiya, sai maƙwabciyata Hajo ta janye guganta: "Ku kauce, ga mai wurin nan tahe."