Minshari a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, Kawu Sale ba zai bar ni ba. Lokacin ban daɗe da fara rubutu ina zaman kaina a Dutsin-Ma ba. Kowa ya kawo aiki karɓa nake: rahoton ƙungiya, jawabin taro, tallan shago, labarin shafin intanet. Tsoro nake ji in na ƙi ɗaya, gobe babu mai nemana. Idanuna suka yi ja kamar gauta, wuyana ya sage, abinci ma a tsaye nake ci (in na tuna ke nan).

Ana cikin haka aka sa ranar da zan je Kurfi gaida mahaifin Zainab, yarinyar da nake nema. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ya riga ya faɗa wa kawuna cewa shi fa bai gane sana'ar zama a ɗaki ana danne-danne ba. Daga wannan zuwan zai yanke ko ya ba ni ko ya hana. A mota Kawu ya ja mini kunne: "Ka zauna ƙasa, ka sunkuyar da kai, kada ka ɗago sai an kira sunanka."

To, na sunkuyar. Zauren ga sanyi, dattawa suka shiga hirar gero da damina, ni kuwa na manta rabona da in zauna haka hannu babu waya. Abin da na ji na ƙarshe shi ne muryar Alhaji: "Kai, Malam Sale, yaron nan naku akwai kunya. Irinsu sun yi ƙaranci."

Sai yaro mai kunya ya saki minshari. (Kawu ya rantse har akuyar ƙofar gida sai da ta razana.) Ya zungure ni, na zabura, hulata ta faɗa ƙwaryar fura, na ce da ƙarfi, "Yanzu zan turo, yallaɓai, saura gyara kaɗan!"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ko jaki ana sauke masa mangala ya sha ruwa. Na ga aikin naka aiki ne. Amma ba zan kai 'yata gidan da miji bai san inda kansa yake ba. Je ka huta. Bayan girbi ka dawo in ga idonka."

Haka aka ɗage maganar, na fito da jiƙaƙƙiyar hula a hannu, ko Zainab ban gani ba. A hanyarmu ta komawa Dutsin-Ma kuma, don rashin ta-ido, a kafaɗar Kawu na ƙarasa barcin.

Na gaji a ranar, gajiyar da ko kuka ba ta bari ka yi. Amma na koyi abu ɗaya: barcin da ka hana kanka a ɗakinka, shi zai zaɓi inda zai kama ka, kuma shi ba ya jin kunyar surukai.