Rasuwar Ɗaya Daga Tagwayen Ɗakin Sanyi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, Injiniyar gidan rediyon nan, a madadin Yayanta manaja da mahaifiyarsu Inna da dukkan ma'aikata, tana sanar da rasuwar ɗaya daga cikin tagwayen faifan ajiya da ke cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗakin sanyi, bayan situdiyo. Ba ta san ranar da ya cika ba. Abin da ya fi ci mata rai ma, ba ta san wanne ne a cikinsu ba.

Marigayin ya zo gidan nan tare da ɗan'uwansa a kwali ɗaya, tun Baba, mahaifinsu wanda ya kafa tashar, yana da rai. Aikinsu guda ne: duk abin da aka rubuta a kan wannan sai a rubuta a kan wancan, don in ɗaya ya faɗi ɗaya ya riƙe gida. Bai taɓa neman hutu ba, bai yi ƙorafi ba ko ranar da na'urar sanyaya ɗakin ta yi yaji. Maganarsa ba ta wuce "zzzz" ba, sai in aiki ya yi yawa ya ƙara da "kirr, kirr" a hankali, kamar mai gyaran murya a gaban manya. Da shi sabar ke tashi, a cikinsa kuma aka zuba duk shirye-shiryen Baba da hirarrakinsa da tsofaffin da yau babu ko ɗaya a raye, kafin a zubar da kaset-kaset ɗin da ruwa ya ci.

Yadda aka gano rasuwar, Yaya ne ya leƙo wata safiya ya ce, "Ƙanwata, muryar Baba dai tana wuri biyu ko?" Ta ce masa sosai ma. Da ya fita sai amsar ta tsaya mata a rai, don ita ma gadonta ta yi daga injiniyan da ya gabace ta. Ta zauna ta tambayi sabar faifai nawa take gani. Sabar ta ce ɗaya, kuma lafiyarsa lau. Amma sunan da ta bayar ba na faifai ba ne, na wani kati ne, katin RAID, wanda ke zaune tsakanin sabar da tagwayen kamar mai gadin ƙofa. Shi kaɗai ke shiga wurinsu, shi ke fitowa ya nuna fuska ɗaya. Ashe duk shekarun nan da mai gadi ake gaisawa, ba da masu ɗakin ba. Ta nemo manhajar da ke jin yaren katin ta titsiye shi. Ko gardama bai yi ba, ya ce ɗaya ya mutu tuntuni.

A yi wa katin adalci, ya yi kuka a lokacin. Mai karanta labarai ta tuna wani "fiii, fiii" da ya riƙa shiga makirufo, har masu sauraro suka fara bugo waya suna tambaya ko tsuntsu aka ajiye a situdiyo. Tsohon injiniya ya zo da filaya ya datse wayar ƙararrawar, kowa ya yi masa sannu da aiki. Kukan mutuwar da marigayin ya samu ke nan.

Ya rasu ya bar ɗan'uwansa, sa'ansa, wanda ke ɗauke da gidan shi kaɗai, wanda kuma kwanan nan ya fara wani "tak... tak" da bai kwanta wa kowa ba. Ya bar katin, bakinsa a datse. Ya bar Inna, wadda takan zo ta zauna a kusurwar situdiyo a kunna mata mijinta. Injiniya ta gwada kwashe shirye-shiryen zuwa wani wuri, amma da zarar an taɓa tsofaffin cikinsu sai tak-tak ɗin ya tsananta, dole ta janye hannu.

An sayo sabon faifai, sai dai ba shi da wurin shiga sai gurbin gawar. Aljihunan da ake zura faifan a jikin sabar biyu ne iri ɗaya, na sama da na ƙasa, fitilunsu sun daɗe da ƙonewa. Katin ya ce lamba ɗaya ne ya mutu, amma wayoyin baya a sarƙe suke, babu mai rantsewa lamba ɗaya sama take ko ƙasa. Kashe sabar a duba a tsanake kuwa, mai tak-tak ba lallai ya sake tashi ba. Ta ɗora tafin hannu a kan kowanne. Duka da ɗumi, duka suna motsi, gawar ma juyawa take yi, tak-tak ɗin kuma ba a gane daga wanne yake fitowa. In ta zare mai ran, Baba ya yi shiru ke nan.

"Zare na ƙasa mana, ai mamaci ƙasa yake," in ji Yaya yana dariya. Ta dube shi har dariyar ta mutu a bakinsa. "Yaya, tsoro nake ji," ta ce.

Za a yi jana'izar gobe bayan labaran safe, a ɗakin sanyi. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya daga ƙofa, kada kowa ya jingina da sabar, kada a buga teburi. An tanadi kwali ɗaya, Injiniya ta ce a nemo na biyu a ajiye kusa. Kafin a taɓa komai Yaya zai ɗauko Inna, a kunna mata shiri ɗaya tak, don ɗan'uwan marigayin ba zai jure fiye da haka ba. An ce ta zaɓi wanda take so. Har lokacin fitar da wannan sanarwa Inna ba ta zaɓa ba, Injiniya ma haka.