Sha'awar da Na Karanta wa Baba

Kalma ɗaya ta Turanci na yi wa karambani, kuma ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ina aji uku a sakandare, ina jin kamar ni na yanke wa Turanci cibiya.

Lokacin bankuna sun tsawwala kuɗin ruwa, motoci sun yi kwantai. Ranar kasuwar Illela sai ga dillalin wani kamfani daga Sakkwato da sabuwar akori-kura, yana shela: ba da kashi ɗaya cikin uku, saura wata-wata, ga kyautar taya biyu, wata shida ba ruwa! Baba ya gaji da hayar motar kai albasa, amma mutum ne da ko sunan bashi da ruwa ba ya son ji.

"To bayan wata shida fa?" in ji Baba.

"Alhaji, duk yana cikin takarda."

Baba ya miƙo mini. "Ɗan boko, mi sunka ce?"

Na gyara murya (rabin kasuwa na kallona, har awaki). Na ci karo da "intares". A aji, malaminmu ya ce ma'anarsa sha'awa.

"Baba, sun ce bayan wata shida sha'awa za ta fara, kullum kuma ƙaruwa za ta yi."

"Sha'awar mi?"

"Ta motar mana!"

Baba ya yi dariya. "Wannan kam ta riga ta fara." Dillalin ya duƙa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Bijimai huɗu Baba ya sayar, ya dangwala yatsa.

A wata na bakwai kuɗin wata ya zo da ƙari. Baba ya kai takardar wurin Malam Bello mai rubuta wasiƙa a bakin tasha, ina biye da shi ina cewa kuskuren kamfani ne. Malam Bello ya karanta, ya cire tabarau.

"Alhaji, ruwa na, tsagwaronsa. Wane jaki ya karanta maka wagga takarda?"

Baba ya kalle ni. Direbobin tasha duka suka juyo suka dube ni.

Na dai koyi cewa "ban sani ba" ma magana ce, kuma ba ta cin bijimi ko ɗaya.

Baba ya ƙi biyan ruwan. A wata na tara mutanen kamfanin suka zo suka tafi da motar, har da tayoyin kyautar. Baba bai doke ni ba. In wasiƙa ta zo gidanmu yanzu, wuce ni yake yi ya kai wa ɗan maƙwabcinmu da ke aji ɗaya.