Shirun da Tururuwa Ke Zubarwa

A wani daji da kogi ya raba biyu, an yi wata tsohuwar bushiya mai suna Tabawa, wadda autarta Tsahara ke aure a tsallake. A da, mai son magana da na ƙetare sai ya nemi Gauraka. Shi yakan haɗiye muryarka ɗungurungum, ya tashi, ya je ya amayar da ita yadda ka faɗa, har da tari da ajiyar zuciya. Aiki dai tsaf, amma ladansa ba na talaka ba ne. Tabawa sau biyu a shekara take jin 'yarta.

Sai tururuwa suka zo da sabuwar dabara. Su gutsuttsura magana suke yi, kowace ta ɗauki gutsure guda a ka, su bi ta kan wata giginya da ta faɗi a kan kogin, a can su harhaɗa. Da ƙwayar gero kaɗan sai ka wuni kana hira. Tabawa ta ji daɗi ƙwarai, kullum sai ta gaisa da Tsahara. Gaskiya wani lokaci amsa takan makara, musamman in birai sun cika giginyar da hotunan rawarsu. Sai uwa ta yi shiru tana jiran 'ya, 'ya ta yi shiru don ladabi, can kuma su fara magana tare. Duk wannan Tabawa ta haƙura da shi, da babu gara ba daɗi.

Abin da ya hana ta sukuni daban ne. Tun da ambaliya ta ci ramukan tsallake, kullum amsar Tsahara ɗaya ce: lafiya lau. To, a dajin nan ko kura na jan ƙafarka aka tambaye ka, lafiya lau za ka ce. Uwa ba kalmar take saurara ba, ɗan jinkirin da ke gabanta take saurara, da numfashin da ke bayanta. Su kuwa tururuwa, don rage kaya, duk shirun da suka tarar a cikin magana zubar da shi suke yi a bakin ruwa. Wata uku Tabawa na jin 'yarta kullum, amma ba ta san halin da take ciki ba. Abin yana cin ranta.

Ana haka Gauraka ya kai ƙarar tururuwa majalisar daji, aka taru a gindin tsamiya, Giwa na shugabanta.

Gauraka ya ce, "Ranki ya daɗe, arha ba ta ado. Tun kakanni murya ɗaya ake ɗauka a kai wa kunne ɗaya. Yanzu an mai da maganar dattawa tsaki, ana jan ta hanya ɗaya da shirmen birai. Ba don kaina nake magana ba, don mutuncin daji ne. A rufe giginyar nan."

Ba wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da ciniki.

Madugun tururuwa, wata tsohuwa mai ɗingishi, ta ce, "Ranki ya daɗe, in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Jiya kaɗai mun haɗa gida ɗari uku da danginsu. A tambayi Malam Gauraka ko ya taɓa sauka a ƙofar ɓera."

Giwa ta jinjina kai ga kowannensu. Ita dai in tana son magana da tsallake, hanci kawai take ɗagawa.

Tabawa ba ta saba magana a taro ba, amma ta matso gaba.

"Allah ya ba ki nasara, ni ban zo a rufe hanya ba. In an rufe, ni da yarinyar nan sai shekara. Roƙona ɗaya ne: a riƙa kawo mini shirunta. Shiru ma magana ce. Ina tsoron tana cikin wani hali, kunya ta hana ta faɗa, ni kuma ina nan ina ta amsa madalla."

Sai masana suka shiga. Dila ya ce a fara tantance ko shiru kaya ne. Hankaka ya ce abin da ba shi da nauyi ba a san ladan da za a sa masa ba. Giwa ta tausaya matuƙa, ta naɗa kwamiti ya kawo rahoto bayan kaka. Aka watse kowa na yabon hikimarta.

Washegari da hantsi Tabawa ta gai da 'yarta kamar kullum. Ayari ya dawo da amsa, aka jera mata: lafiya lau, Inna. Har ta buɗe baki za ta ce madalla, sai ta hangi Madugu can baya ita kaɗai, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, alhali ba a ganin komai a kanta.

"Yaya Tabawa, ni ma na haifa," in ji ta. "Wannan tsakanin tambayarki da amsarta yake. Ban bari an zubar ba."

Ta sauke. Shiru ne mai tsawo, a tsakiyarsa akwai numfashin da aka ja aka danne, irin na wadda ta binne abin da ta haifa ba ta gaya wa kowa ba. Tabawa ta saurara har ƙarshe. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta ɗauki sandarta ta nufi giginyar, ita da ko ramin maƙwabta ba ta iya zuwa sai ta huta sau biyu.

Masu duba hanya da kwamiti ya tura kuwa suka rubuta cewa ranar komai ya tafi daidai, in ban da wata tsohuwar tururuwa da ta yi zuwan banza.