Farantin da Maganaɗisu Ya Ƙi

Ni ba a cuta ta. Haka nake faɗa a unguwarmu ta Akurba, har ranar da yayan matata, Yaya Bukar, ya kawo min farantin ƙarfe kyauta don ƙasan murhun burodina.

"Wannan ba irin na kasuwa ba ne," in ji shi. "Nikel da kuromiyam aka haɗa da ƙarfe. Ko ya yi jawur ba ya lanƙwashewa."

Tun daga sunayen na fara zargi. Kayan kirki ba ya buƙatar dogon Turanci. Kuma kyauta, daga mutumin da bai so a ba ni ƙanwarsa ba?

Yana fita na ɓalle maganaɗisun tsohuwar sifika na manna a jikin farantin. Ya faɗo. Na tara ma'aikatana na maimaita a gabansu, ina jinjina kai kamar alƙali. Sannan na mayar masa har gida.

"Yaya, a kai wa wani wannan gwangwanin."

"Yawan nikel ne ya hana shi kamawa," ya ce. "Amma to."

Na sayo wanda maganaɗisu ya rungume. Ranar jajibirin Sallah ya banƙare kamar kwalekwale, burodin mutane ya ƙone. Farantin Yaya kuwa yana murhun wani a hanyar Obi, a miƙe samɓal.

Yanzu ko shayi aka kawo min sai an tambaya ko a haɗo da maganaɗisu. Matata kuwa cewa take, "Allah ya so ni, ba ka gwada ni kafin aure ba."