Zawarcin Rumawa a Sanyuanli

Kai, ku rufe min baki! Wa ya aike ku tambayar abin da ya hana Tankari aure? Ku 'yan jarida ne? To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Shekarar da na je sari Guangzhou ta ƙasar China, Tankari dillalin takalma, sarkin cika baki, yana neman Zalika, wata bazawara mai sarin jakunkuna. Ta ce za ta ba shi amsa kafin jirginta na Juma'a. Sai ga shi ya tare ni tsakiyar kasuwar Canaan yana bugun ƙirji.

"Hajiya, ni ba na zawarcin ƙauye. Na karanta a waya yadda mawaƙan Rumawan da can suke yi. In mace ta rufe ƙofa, sai ka kai fure, ka zuba wa dokin ƙofa turare, ka yi wa ƙofar waƙa har ta tausaya."

Na ce, "Ni ban yi boko ba, amma na san ƙofa ba ta da kunne. Ka tura manya."

"Hajiya, wannan ilimi ne."

Gogan naku ya shiga shagon fure, ya nuna wani ƙaton zoben fure fari da rawaya mai ƙafafu. Mai shago ya sunkuyar da kai, yana ta shafa masa kafaɗa. Tankari ya ce, "Kun gani? Sun san laoban, babban mutum!" Ashe furen jana'izarsu ne.

Da la'asar ya kafa shi ƙofar Zalika a unguwar Sanyuanli, ya juye kwalbar turare a ƙasa, ya durƙusa yana rerawa har da hawaye: "Ya ke ƙofa, kin raba ni da ita!"

Maƙwabta 'yan China suka fito suna rusunawa. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Wani ya ɗauki hoto, kafin ka ce kwabo an baza: Zalika ta rasu. Muka kulle shaguna muka zo da salati, Malam Abdulhakeem limaminmu a gaba.

Malam ya kasa kunne, ya ce, "Tankari, ƙofa kake roƙo? Yi istigfari!"

"Malam, Rumawa ne..."

"Rumawa za su amsa maka a kabari?"

Sai ga Zalika ta dawo sari daga garin Shiling da buhun jakunkuna, ta tarar ana zaman makokinta. Mata suka watse da ihu. Tankari ya miƙe zai yi bayani, santsin turaren ya kwashe shi, ya faɗa cikin furen, ƙafafu sama. Daga nan kwance, marar kunyar, ya ce, "Zalika, amsata fa?"

Ta tsallake shi ta sa mukulli. Ta ce, "Gawa ba ta aure. Ga ƙofar nan, ita ka yi wa waƙa. Malam, ɗaura musu."

Dariyar me kuke yi? Ku tashi ku kwanta. Kuma ku ja min ƙofa, kada wanda ya yi mata waƙa!